Maganar Bango

A unguwarmu ta Yelwa kowa da abin da yake faɗa a kan Malam Nasiruddeen. Matan layin famfo sun ce karatu ne ya taɓa shi, in ba haka ba me zai sa namiji mai digiri biyu ya tsugunna gaban tsohuwa yana tambayarta sunan ƙadangare. Masu shayin bakin titi Mai Kaset suke kiransa. Ɗalibansa na kwalejin malamai sun ce ranar da ya tambaye ka sunan garinku ka shiga uku, don sai ya sa ka ƙirga ɗaya zuwa goma da yarenku a gaban aji, in babu takarda ya rubuta a tafin hannunsa. Baffana Njidda, wanda nake zaune a gidansa, nasa hukuncin gajere ne: "Yaron kirki, sai dai bai san ana gama makaranta ba." Madam Roseline kuwa, mai tafireta a ofishinsu, cewa take, "Wannan mutum ko ka zage shi, zai ce don Allah maimaita sau uku."

Ni ban taɓa cewa komai a kansa ba. Ina dai ji. Sauraro shi ne abin da na iya tun ina ƙarama, kuma a daminar 1995 na gane ana iya cutar mutum da shi. Shekaru sun ja kafin na iya zama in rubuta muku wannan, don haka ku yi haƙuri da ni in na riƙa zagaye.

Sunana Rauda. Mahaifina Bafulatanin Jalingo ne, mahaifiyata 'yar Sangwi, wani ƙauye a kan dutse can bayan Sunkani. Dukansu sun rasu ban yi wayo ba. Kakata ta wajen uwa, Dada, ita ta raine ni a kan dutsen, sai da na shekara goma sha huɗu Baffa ya hau ya sauko da ni ya sa ni aji ɗaya. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin benci. Duk lokacin da na buɗe baki yara 'yan shekara shida su kwashe da dariyar Hausata, sai na rufe bakin na buɗe kunne. A haka na lallaɓa har na samu takardar malanta ina da ashirin da takwas, na fara koyar da aji uku. A shekarar ce ƙafafun Dada suka kumbura, Baffa ya sa aka kawo ta asibiti, daga nan ta zauna a ɗakina, gadonta na kallon nawa.

Malam Nasiruddeen ya koyar da ni a kwaleji. Bayan na gama, wata rana ya tare ni a bakin ofis da fayil ɗina a hannu, yatsansa a kan sunan garin haihuwa.

"Malama Rauda, Sangwi? Kina jin Sangwanci?"

"Ina ji, amma ba na mayarwa."

Ƙarya ce. Da shi nake mafarki har yau. Amma kunyar benci ba ta sake ni ba.

A tsaye ya yi mini bayani, yana magana da sauri kamar za a ƙwace masa. Wata jami'a a Jamus ta buɗe gurbi ɗaya na digirin dakta, shekara huɗu, ga wanda zai rubuta nahawun wani yare da ba a taɓa rubutawa ba. Sharaɗin shi ne mai nema ya kawo samfur: kaset na muryar ɗan asalin yaren, da littafin kalmomi, da bayanin abin da ya fara ganowa. Ya ce duwatsun jihar nan cike suke da yarukan da tsofaffi ke tafiya da su kabari, Sangwanci kuma ko shafi goma babu wanda ya taɓa yi a kansa. Da na ce kakata tana ɗakina, sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Me tsofaffin Sangwi suke so? Ba zan je mata hannu rabbana ba."

To, a nan ne. Ku lura da kyau, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Na dube shi. Farar taguwa ce a jikinsa, aljihun ya yi tabon biro, idonsa a kaina yana jira, kuma babu namijin da ya taɓa jiran maganata haka. Sai na ji bakina ya ce, "Gishiri da taba. A ƙulle su a tsumma ɗaya."

A Sangwi, gishiri da taba a ƙulli ɗaya ba tsaraba ba ce. Abin da mai neman aure yake kai wa kakar yarinya ke nan. In ta karɓa, ya zama suruki.

Ranar Asabar ya zo da rikodarsa a jakar fata, da batir dozin, da ƙullin. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Dada ta kwance, ta shinshina tabar, ta ɗago ta yi mini wani kallo da na ji shi har tafin ƙafata. Sannan ta tura ƙullin ƙarƙashin matashi, ta ja ɗankwalinta ya rufe goshi, ta juya fuskarta ga bango.

"Tana jin kunyar na'ura," in ji Malam a hankali. "Haka suke yi da farko."

Na sunkuya na fara saka wa rikodar batir.

A wurinmu mace ba ta yi wa suruki maganar gida. Akwai wata magana daban da ake yi masa, ana kallon bango, shi ya sa ake kiranta maganar bango. Ba a kiran abu da sunansa, sai a zagaya. Da Malam ya ce, "Dada, ruwa?" sai ta ba shi abin da ma'anarsa ita ce wanda tulu ke ɓoyewa. Wuta, mai cin itace. Kare, mai kwana a waje. Ya ce ta maimaita sau uku, ta maimaita, ya rubuta da ƙananan haruffansa masu ƙugiya da ɗigo. Ni aikina in danna jan maɓalli, in juya kaset, in kore kaji daga bakin ƙofa.

Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Goben ta zo, ya kawo mini biro mai kala huɗu. Mako ya zagayo, ya fara tsayawa a zaure bayan an gama aiki, yana tambayata yadda ajina yake. Wata na biyu ya ce, yana kallon sitiyarin babur ɗinsa, "Malama, in na turo manyana wajen Baffa, za ki ba ni kunya?" Abin da na ƙulla da ƙarya ya zama gaske. Ta yaya zan ce masa tun kafin ya yi tunanin abin na riga na aurar da kaina a tsumma?

Wata bakwai. Kaset talatin da ɗaya. Ko kalma ɗaya ta maganar gida babu a ciki.

Ranar wata Alhamis a watan Agusta, na tashi daga makaranta na biya ta kwaleji. Malam ya tafi Sangwi karɓo takardar amincewar mai gari, ya ce in leƙa ko an yi masa waya a kan tafiyarsa Jos ta mako mai zuwa, don wayar ofishinsu ce kaɗai ya bayar. Madam Roseline na hango ni ta taga ta fara ɗaga wata 'yar takarda.

"Rauda! Zo, zo. Mijinka ya samu waya."

"Madam, ba mijina ba ne."

"To wa ya hana shi? Zauna. Kai kullum kamar an aiko ka gaisuwan mutuwa."

Ta gyara gilashinta, ta karanta abin da ta rubuta da jan biro tana juya mini shi da Hausarta. Farfesar da jami'ar Jamus ta turo ta iso Jos. Malam ya same ta ranar Talata ƙarfe goma na safe. Ya zo da kaset duka, da littafi.

"Kuma ya ce," Madam ta ɗaga yatsa, "wai ya samu wani tsohon takarda. Wani Bature na mishan ya hau dutsenku tun zamanin kakan kakana, ya rubuta kalma ɗari biyu. Za su ajiye nasa a nan, na Malam a nan, su duba."

"Su duba me?"

"Ko ya yi daidai mana. Matan nan ya gaya mini, bara wani mutum ya kawo musu yaren ƙarya. Ya zauna a otel ya ƙirƙira abinsa! Tun daga nan ba su yarda da kowa sai sun gwada." Ta yi dariya har tana buga tebur. "Amma namu Malam? Wanda ya sa ni na faɗi sunan akuya da yarenmu har maƙogwaro na ya bushe? Rauda, lafiya? Ka sha ruwa?"

Na karɓi takardar na soke ta a bakin zanena. Ban hau babur ba, da ƙafa na taho. Na shiga Kasuwar Jalingo ban san me zan saya ba, na zaga layin 'yan doya sau biyu, wata Bamumuyiya har ta ce, "Hajiya, in ba ka saya, bar taɓa." Baturen mishan ba surukin kowa ba ne. Maza ya tambaya, suka ba shi ruwa a ruwa, wuta a wuta. In aka jera takardun nan biyu, ko layi ɗaya ba zai haɗu ba. Kuma ba za a ce Malam ya yi kuskure ba. Za a ce shi ma a otel ya zauna.

Na iso gida da albasa ƙulli ɗaya wadda ba mu buƙata.

Washegari bayan an sauko Juma'a Baffa ya aika a kira ni zaure. Yana kan buzunsa, ya cire babbar riga ya rataye a ƙusa, rediyo na ƙasa-ƙasa a gefensa. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ɓingel am, 'yata, matso. Na ji malaminki zai tafi Jos."

"E, Baffa. Litinin."

"In Nasara suka ɗauke shi, shekara nawa?"

"Huɗu."

"Da ke?"

"Ya ce gurbin na mutum ɗaya ne. Sai in ya zauna ya ga yadda wurin yake."

Baffa ya ja carbi. Mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

"Ni na sa ki makaranta kina budurwa, mutane suka yi ta surutu, na toshe kunne. Kika ce sai kin gama kwaleji, na ce to. Yanzu shekararki ashirin da tara. Ba zan karɓi sadakin mutum ya haye jirgi ya bar mini ke kina jiran wasiƙa ba. Kuma ba zan ce ki zauna haka har talatin da uku ba, ƙanena zai tambaye ni a lahira. In ya zauna, bayan kaka a ɗaura. In ya tafi, ya tafi da alheri, kowa ya kama gabansa. Kin ji?"

"Na ji, Baffa."

"Ni dai addu'ata, Allah ya sa su ce ba sa so. Aikinsa na kwaleji bai ishe shi ba?"

Jama'a, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da Baffa ya yi addu'ar nan, can cikin cikina wani abu ya ce amin. Kuma muryar ba baƙuwa ba ce. Na gane ta daɗe tana nan, tun ranar da Malam ya fara ambaton shekara huɗu. Ashe ba kunya kaɗai ta rufe mini baki wata bakwai ba.

Yinin ranar ban zauna wuri ɗaya ba. Na wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Na sauke jeren kwallayena daga kan kabad na goge na mayar. Na ɗauko littattafan yara zan yi maki, na ga na ba wani yaro goma bisa goma a shafin da bai rubuta komai ba. In na yi shiru, zai je Jos ya dawo da sunan maƙaryaci, ya aure ni bayan kaka, in riƙa zuba masa tuwo ina kallon fuskarsa har ƙarshen rayuwata. In na yi magana... nan tunanin yake tsayawa, sai in tashi in nemi wani abin gogewa.

Asabar da hantsi na zauna shafa wa Dada man kaɗanya a ƙafa. Na tura ƙofa, na yi mata magana da Sangwanci, ƙasa-ƙasa yadda muke yi in mu biyu ne.

"Dada, gobe in ya zo, ki juyo ki yi masa maganar gida. Kaset ɗaya kawai."

"Wa?"

"Kin san wa."

"Surukina? In dubi idonsa in kira masa ruwa da sunansa? Sai ki ce in tuɓe zane in yi masa rawa."

"Dada, nan birni ne. Babu wanda zai sani."

"Ni zan sani. Danna nan, wajen idon sawu."

Na danna. Na yi mata bayanin Jos, da Baturen da ya hau dutse, da takardu biyu da za a jera. Ta saurara idonta a rufe. Da na gama ta ce ta tuna Baturen, tana yarinya, jan kunne gare shi, kuma ya faɗi a kan dutsen wanki har maza suka ɗauko shi.

"Za su ce Malam maƙaryaci ne, Dada."

"Ai ba shi ya yi ƙaryar ba." Ta buɗe ido ɗaya. "Bahaushe ya san gishiri da taba? A ina ya koya? Ranar da ya miƙo mini ƙullin nan, hannunsa ko rawa bai yi ba. Mai neman aure hannunsa rawa yake. Naki ne na ga yana rawa."

Na sunkuyar da kai a kan ƙafarta.

"To me ya sa kika karɓa?"

"Don na ga kina so. Kuma na ji muryarsa, ba ta mai dukan mace ba ce." Ta laluba ƙarƙashin matashi ta jawo tsumman. Tabar ta daɗe da ƙarewa, gishirin ya dunƙule saboda damina. "Hanya ɗaya ce. Ki mayar masa da wannan da hannunki. Daga ranar ya zama baƙo kamar kowa, in juyo in yi masa magana har na'urarsa ta ƙoshi. Amma kin san wanda aka mayar wa gishiri ba ya sake kawowa. Ko bayan raina."

"Dada..."

"Ko kuma ki buɗe naki bakin. Wa ya ce miki ni kaɗai ce 'yar Sangwi a ɗakin nan? Kin zauna kina danna masa ƙarfe kamar bebiya, alhali a bayana kika koyi magana."

"Na ce masa ba na mayarwa."

"To. Ƙarya biyu ke nan. Ɗaya ƙafar."

Ta ajiye tsumman a kan tabarma tsakaninmu, ba ta mayar ƙarƙashin matashi ba. A nan ya yini. In zan fita sai in tsallake shi.

Lahadi bayan la'asar na ji ƙarar babur ɗin Malam. Hadari ya haɗo ta gabas, iska na kaɗa labule. Tun azahar na yi wanka na saka atamfata ruwan goro, na cire, na saka shuɗiya, na koma ruwan goron. Na sa kwalli har ya zarce. Na dafa kunun gyaɗa na zuba a filas, na manta ban sa sukari ba.

Ya yi sallama ya shigo da kwalin sabulu babu komai a ciki, wanda zai jera kaset. Sabon kaftani ne a jikinsa, ruwan toka, karin guga bai ko kwanta ba. Ya gaida Dada, ta amsa wa bango kamar kullum. Na miƙa masa takardar Madam Roseline. Ya karanta sau biyu, fuskarsa ta washe.

"Kalma ɗari biyu! Malama, kin san me wannan yake nufi? Shaida ce ta faɗo mini daga sama. Ba sai na yi ta rantsuwa ba."

Ya zauna a kan tabarma ya fara sauko da kaset daga kan taga, yana duba lamba yana jerawa. Kowanne da kwanan wata, da sunan Dada, a ƙasa kuma da ƙaramin rubutu: mai taimako, R. Ya ce mai garin Sangwi ya ba shi takarda har da zakara. Ya ce kwaleji ta yarda ta sake shi in an ɗauke shi. Ya ce mahaifiyarsa ta sa an yi sauka. Yana magana yana shan kunun, bai ko lura babu sukari ba.

"Bari ki ji abin da zan fara gaya wa Farfesa." Ya buɗe littafinsa mai baƙin bango. "Shekara goma ina bin yarukan jihar nan, ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutanen Sangwi ba sa raɗa wa abu suna, aikinsa suke faɗa. Dubi ruwa. Dubi wuta. Kalma ɗari takwas, duk haka! A kan wannan na gina takardata gaba ɗaya. In Allah ya yarda, wannan kaɗai..."

Ya saka kaset na ɗaya ya danna. Muryar Dada ta cika ɗakin, a shaƙe, yadda murya take in ta bugi bango ta dawo. Na ji tawa muryar a baya ina korar kaza.

Na miƙa hannu na kashe.

"Malam, wannan ba Sangwanci ba ne."

Ya yi murmushi, yana jiran ƙarshen wasan.

"Wato Sangwanci ne, amma ba wanda ake yi ba. Maganar surukai ce. Mace ba ta kiran abu da sunansa a gaban suruki, zagayawa take. Ruwa yana da suna. Wuta tana da suna." Na faɗe su. Karo na farko ke nan da ya ji yaren a bakina, kuma suka fito garau, kowanne gaɓa ɗaya. "Su ne a takardar Baturen. Babu ko ɗaya a littafinka."

Hannunsa ya tafi aljihu neman biro, don jikinsa ya saba. Sai ya tsaya a hanya.

"Kin ce ba kya mayarwa."

"Ina mayarwa."

Ya dubi kwalin. Ya dubi bayan Dada. Na ga yana lissafi, leɓensa na motsi.

"A'a. Tsaya. A watan Janairu muka fara. Ban turo manyana ba sai Maris. Kaset takwas na farko, lokacin ai ni ba surukin kowa ba ne." Har ya fara laluben su a kwali. "Takwas ma sun isa, in aka..."

"Gishiri da taba," na ce. "A ƙulli ɗaya. Shi mai neman aure yake kawowa."

Tsumman na nan a gefen tabarma, kusa da gwiwarsa. Ya kalle shi ya daɗe.

"Ke kika ce in kawo."

"Ni ce."

"Kin san ma'anarsa."

"Na sani."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗigo ɗai-ɗai masu nauyi. Daga bango Dada ta yi wata magana a zagaye, irin wadda ake yi wa suruki, ma'anarta a ba baƙo wuri kada ya jiƙe. Babu wanda ya fassara masa.

"Wata bakwai, Rauda." Bai taɓa kiran sunana babu Malama ba. "Kina zaune a nan. Kina juya mini kaset. Na karanta miki babin farko a zauren can, kika ce ya yi kyau."

Na kalli tsumman.

"Da Madam ba ta ba ki takardar nan ba fa? Da sai ki bar ni in hau mota?" Ya girgiza kai. "A'a, tun Alhamis take hannunki. Jiya da safe na dawo gari. Kina iya aikowa. Kwana biyu da na samu, da na koma dutsen na nemi tsoho ko ɗaya." Muryarsa ba ta tashi ba, ƙasa ma take yi. "Kunya ce? In kunya ce ki gaya mini, zan gane."

Ga ƙofa ya buɗe mini. Da na ce e, da ya karɓa, na san shi. Na ji kalmar ta hau harshena, mai sauƙi, rabinta ma gaskiya ce.

"Da farko kunya ce," na ce. "Daga baya so nake su ƙi ka. Baffa ya ce in ka tafi shi ke nan. Tun kafin ya faɗa ma na sani. Na so ka je ka faɗi ka dawo."

Ya rufe littafin a hankali. Ya ɗora shi a kan kaset ɗin, ya naɗe bakin kwalin, ya miƙe. Sai kuma ya tsaya da shi a hannu kamar bai san ko nasa ba ne. Ya ajiye. Ya ce wa bayan Dada, "Na bar ki lafiya," ya saka takalmi a bakin ƙofa, ya fita cikin ruwan da sabon kaftaninsa.

Ban tsaya neman mayafi ba. Na bi shi ta tsakar gida, na wuce matan gida da ke kwashe shanya, na ratsa zaure inda Baffa ke zaune da baƙi biyu. Ni da ba a taɓa jin muryata daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Malam ya riga ya hau babur, ƙafarsa a kan kik, ruwa na bin fuskarsa. Masu shayi sun leƙo daga rumfa. Na ji Baffa ya taso ya tsaya a bayana.

Na riƙe kan babur ɗin da hannu biyu, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, na cuce ka, kuma ina sane na yi. Ba Dada ba ce, ba kowa ba ne, ni ce. Don girman Allah ka yafe mini."